Masu hidimar baƙi a Gusau, Tsafe da Bunguɗu: ba takardar aiki, ba riƙon maigida

A watan Afrilun 2024 gwamnatin Jihar Zamfara ta ba da sanarwar hana zirga-zirgar motoci daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe a kan iyakarta da Katsina ta wajen 'Yankara, da kuma iyakarta da Sakkwato ta wajen Bimasa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masu garkuwa da mutane sun addabi babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa, ta ratsa Tsafe da Gusau da Bunguɗu, ta miƙe zuwa Sakkwato. Tun ma kafin sanarwar, direban da ya san ciwon kansa ba ya bari magariba ta riske shi a wajejen Kuceri ko Magazu.

An yi ta magana a kan abin da wannan hali ya jawo wa direbobi da 'yan kasuwa. Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne mutanen da matafiyi ke faɗawa hannunsu idan tafiya ta tsaya. Tafiyar da a da ake yi dare da rana yanzu ta matse cikin hasken rana kaɗai. Motoci na isowa Tsafe a jere da hantsi, su sake cunkusowa bayan la'asar, kowa na sauri, kowa na neman abin sawa a bakin salati. A Gusau kuwa, wanda ya yi niyyar wucewa sai ya ga dole ya kwana. Wani ne zai buɗe masa ƙofa, ya shimfiɗa masa zanen gado, ya hau bene da bokitin ruwa idan famfo ya ƙi, ya tayar da janareta, ya kwana zaune a kujera domin shi ya samu barci. Wa ya ɗauki wannan mutumin aiki? Da wane sharaɗi? Idan aka danne masa haƙƙi, wa zai kai wa kuka?

Su wane ne baƙin Gusau

Gusau ba garin 'yan yawon buɗe ido ba ne, garin 'yan kasuwa ne da ma'aikata. Tun da layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa ta ya dangana da Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka jawo kamfanonin Turawa da dillalai da ma'aikatan reluwe daga kudu. Sabon Gari ta cika, daga baya masaƙa da kamfanin matsar mai suka zo. Wancan zamani ya wuce. Ranar 1 ga Oktoban 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta fitar da Zamfara daga Jihar Sakkwato, Gusau ta zama babban birni, baƙin ma suka sauya kama: 'yan kwangila masu jiran a sa hannu a fayil, ma'aikatan tarayya da aka turo ba su samu gida ba tukuna, 'yan siyasa da tawagarsu, 'yan jarida. A 'yan shekarun nan an ƙaru da jami'an ƙungiyoyin agaji irin su UNICEF da ƙungiyar likitoci ta MSF, da tarurrukan bita da ke cika ɗakunan taro. Akwai iyayen ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. Akwai kuma masu harkar zinare, musamman tun da gwamnatin tarayya ta ɗage, a Disambar 2024, haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa jihar a 2019.

Wani abu guda ya raba otal ɗin Gusau da na yawancin biranen ƙasar nan. Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci ranar 27 ga Oktoban 1999, ta fara aiki ranar 27 ga Janairun 2000. A wurare da yawa a Najeriya, ƙaramin otal da mashaya yake rayuwa, ɗakuna na biye. A Zamfara an rufe wannan ƙofa, yawancin jama'ar jihar kuma sun yi maraba da hakan. Saura abu uku ke kawo kuɗi: ɗakin kwana, ɗakin taro, da kicin. Duka ukun kuwa aikin hannu ne. Zanen gado ya fita fes, abincin mahalarta taro ya fito kafin a tashi sallar azahar, baƙon da ya sha hanya cikin fargaba ya tarar da sakin fuska. Ke nan bayan gini, mai otal a Gusau ba shi da jarin da ya wuce mutanensa. Amma a lissafin yawancin masu wuraren nan, su ne abu mafi arha, kuma su ake fara taɓawa idan kasuwa ta ja baya.

Yadda kakanni suka riƙe yaransu

Saukar baƙi sana'a ce tsohuwa a ƙasar Hausa. Tun zamanin fatake masu zuwa Gwanja sayo goro, babban zango ba ya rasa fatoma, wato mai gidan da falke zai sauka, ya ajiye kayansa, a ba shi abinci, a nemo masa mai saye, a tsaya masa idan ciniki ya rikice. Fatoma kuwa da yaransa yake aiki. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu ya rataya a wuyan masu gidajen baƙi da yaransu. Yaron maigida ba shi da albashi a rubuce, amma yana da abin da duk gari ya sani haƙƙinsa ne: ci da sha, kayan sallah, magani idan ya kwanta, aure idan lokaci ya yi, sannan jari ranar da za a sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. Maigidan da ya ci gumin yaro shekara da shekaru ya kore shi hannu rabbana, bakin jama'a ma ya ishe shi. Tsarin yana da nasa zalunci, don akwai waɗanda suka yi furfura suna yaranta. Amma dai nauyi ne da ya hau kan kowane ɓangare.

Abin da ake gani yau a ƙananan otal-otal da gidajen abinci da dama shi ne an riƙe ikon maigida an yar da nauyinsa, an kuma ari sunan aikin albashi an bar dokokinsa. Idan ma'aikaci ya nemi takardar ɗaukar aiki, sai a ce masa ai nan gida ne, kai ɗa ne, mene ne na takarda tsakaninmu. Ranar da matarsa ta haihu ko zazzaɓi ya kayar da shi, sai a tuna masa cewa nan wurin aiki ne, abin da aka yi da shi ke nan. Ya zama jemage, tsuntsaye ba su ɗauke shi nasu ba, dabbobi ma haka. A ganina wannan ce babbar cutar sana'ar, ta ma fi ƙarancin albashi illa, domin wanda bai san matsayinsa ba bai san abin da zai nema ba.

Dare guda a kan kanta

A ɗauki saurayin da ke zaune a kantar tarbar baƙi ta matsakaicin otal mai ɗaki 20 ko 30. Sau da yawa yana da difloma, wani lokaci har digiri. Ba talla ya gani ba, wani ne ya kawo shi: ɗan'uwan manaja, ko abokin mai wurin, ko wani dattijon unguwa da ya ce na tsaya masa. Horon da ya samu bai wuce bin wanda zai gada na 'yan kwanaki ba. A wurare da yawa tsarin shi ne yini da kwana a bakin aiki, yini da kwana a gida. A gabansa akwai littafin rajista, da allon makullai, da na'urar POS, da wayar otal, da tocila.

Ƙarfe goma wuta ta ɗauke. Ya tashi ya nemo mai kula da janareta, in ma ba shi ne mai kula da shi ba. Manaja ya bar umarni a kashe inji da tsakar dare saboda tsadar man gas. Cikin zafin bazara, baƙon ɗakin sama ya sauko yana zufa yana faɗa, ya biya kuɗin ɗaki mai na'urar sanyi ga shi ko fanka ba ta juyawa. Wanda ya kafa dokar yana gida. Saurayin nan ne zai haɗiye zagin, yana ta maimaita yi haƙuri ranka ya daɗe. Can wajen ƙarfe biyu aka buga ƙofar waje. Mai yiwuwa matafiyi ne da motarsa ta lalace, mai yiwuwa jami'an tsaro ne suka zo duba rajista, mai yiwuwa kuma waɗanda ba a fatan gani ne. Shi da maigadi mai sanda da tocila ne za su yanke shawarar buɗewa ko ƙin buɗewa, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu abin da za su yi idan abin ya zo da ƙarar kwana. Gari ya waye, sai lissafi. Idan wani ya nuna shaidar tura kuɗi ta bogi ya tafi, ko tawul ya ɓata, ko rimot ɗin talabijin ya yi ƙafa, maganar ɗaya ce: za a cire a albashinka.

Doka ba ta yi shiru a kan yawancin waɗannan ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda take aiki tun shekarun 1970, ta ce a sashe na 7 dole mai aiki ya ba ma'aikaci takarda cikin wata 3 da fara aiki, mai bayyana irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da hutu, da yadda za a rabu. Ta ba shi hutun yini guda cur a kowane mako, da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki bayan ya cika wata 12, da kwana 12 na jinya da albashinsa. Ba a sallamar wanda ya shekara biyar sai da sanarwar wata guda. Mace mai ciki tana da mako 12 na haihuwa, da aƙalla rabin albashinta in ta yi wata 6 tana aikin. Yankan albashi saboda ɓarna ma ba a hannun manaja kaɗai yake ba: sai an tabbatar ganganci ne ko sakaci, sai da amincewar jami'in ƙwadago, kuma duk abin da za a cire a wata ba zai haura kashi ɗaya cikin uku ba. Dokar biyan diyya ta 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, domin irin ranar da tukunyar gas ta fashe wa kuku ko mai shara ya zame a bene.

Mafi ƙarancin albashi kuwa ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a Yulin 2024. Sai dai dokar ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin masaukai da gidajen abincin garuruwan nan ba su kai ba. Haka dokar fansho ta 2014 ta fi tilasta wa mai ma'aikata 15 zuwa sama. Gwamnatin jihar kanta sai a 2024 ta fara biyan 30,000, shekara biyar bayan an sa wa dokar hannu, to ina ga ɗan kasuwa mai zaman kansa. A manyan otal-otal na Abuja da Legas akwai ƙungiyar ma'aikatan otal ta ƙasa, akwai kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin hidima da ake ɗorawa a kan lissafin baƙo a raba wa ma'aikata. A ƙaramin masauki abin da ma'aikaci ya sani shi ne ihsanin baƙo mai kirki, ɗan na goro da aka damƙa masa a bakin mota.

Kukan masu wuraren

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, don su ma ba a kan gadon daɗi suke ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, komai ya tashi: shinkafa, man gyaɗa, sabulun wanki, gas ɗin girki. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Wutar da kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ke kawowa ba ta isa a dogara da ita, kuma a Oktoban 2024 arewa ta shafe kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Mai otal na iya ƙona man gas dare guda saboda baƙi huɗu. A 2020 korona ta rufe ƙofofi. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, aka katse layukan waya a faɗin jihar aka rufe kasuwannin mako, ba mai kira ya kama ɗaki, POS ya zama hoto. Ga haraji iri-iri daga jiha da ƙaramar hukuma.

Suna kuma kukan rashin amana, kuma ba ƙarya suke ba. Akwai ma'aikacin da ke ba da ɗaki bai rubuta a rajista ba ya sa kuɗin a aljihu, akwai mai zuƙe man janareta, akwai kukun da naman miya ke ragewa a hannunsa. Cin amana haramun ne, talauci bai halatta shi ba. Amma duk wanda ya san sana'ar ya san yadda abin ke zagayawa. An riƙe albashi wata biyu, yaro ya fara taɓa abin da ba nasa ba. An kama shi, an kore shi, an kawo sabo wanda bai san komai ba, aka kuma rage masa albashi don an daina yarda da kowa. Sabon bai san baƙon da ke son ruwan zafi da asuba ba, bai san jami'in ƙungiyar da ke kawo taro duk wata ba. Baƙo ya ji an sauya masa, ya koma wani wuri. Asarar da ke cikin sauya ma'aikata kowane wata shida ba ta bayyana a littafin akanta, shi ya sa masu wurare da yawa ba su ganinta, alhali ta fi abin da suke ganin sun yi tsimi a albashi.

Matan bakin tasha

A Tsafe ba otal ne babbar harka ba, rumfunan abinci ne na bakin hanya da tasha, da masu shayi, da masu balangu da tsire. Nan ma akwai shugaba da mabiya, sai dai ba a kiransu manaja da ma'aikata. Akwai uwar ɗaki mai tukwane da jari, akwai matan da ke yi mata aiki. Tun kafin kiran assalatu an hura itace, an ɗora wake, an tsoma shinkafar tuwo. Wata na tuƙi, wata na gyaran kayan miya, wata kuma, galibi wadda ta fi kowa rauni, tana tsugune gaban baho biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya, da goyo a bayanta, tana wanke kwanukan da ba su ƙarewa har la'asar sakaliya. Hannunta ya yi fari ya tsattsage saboda omo da ruwa. Ladanta na yini ne: abincin da za ta ci, ragowar da za ta ƙulle wa yara, da 'yan kuɗin da uwar ɗaki ta ga dama, gwargwadon cinikin ranar.

Da yawa cikin matan nan ba 'yan cikin gari ba ne. Daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tayar suka gudo, wasu an kashe mazajensu, wasu gonar ce ta gagara zuwa. Wadda ta kwana a kangon gini da marayu ba ta cinikin lada, abin da aka miƙa mata shi za ta karɓa, don ta san akwai wasu a bayanta suna jiran gurbin. Rashin tsaro ya rage masu saye, ya kuma ƙara masu neman aikin, lada ya faɗi ta fuska biyu. Garin ma ya yi rashin wata babbar kasuwa tun da aka daina amfani da sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Tsafe saboda tsaro, domin duk zuwan sabon rukuni makonni uku ne na ciniki ga masu abinci da masu wanki. Dole a yaba wa iyayen ɗakin da suka riƙe matan nan tsakani da Allah, suna biya musu kuɗin magani, suna sa su a adashi, har wata ta samu tukunyarta ta kafa nata murhun. A nan ne tsohon riƙon maigida ya fi saura da rai. Amma alheri ne na mutum ɗaya, ranar da ta gaza ko ta mutu shi ke nan.

Akwai kuma yara, 'yan mata masu kai kwano mota da almajirai masu ɗebo ruwa, waɗanda lokacin makaranta ke samunsu a bakin tasha. Sannan akwai lafiyar mai ci. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 3,000, Zamfara na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Matar da ba za a biya ta ba in ba ta fito ba, za ta fito ko da gudawa take yi. Hutun jinya ga mai taɓa abinci kariya ce ga duk wanda ya sa hannu a kwanon.

Bunguɗu kuwa kusancinta da Gusau ya sa baƙo ba ya kwana can, sai dai ita ke turo ma'aikata da kayan miya. Tun da kuɗin mota ya ninka, wanda ke zuwa aiki Gusau kullum ya ga sufuri na cinye albashin, sai ya koma kwana a wurin aiki, a kan kwali a sito ko bayan kicin, ya leƙa gida ƙarshen mako. Wanda ke kwana a wurin aiki kuma ba shi da lokacin tashi, ko yaushe aka kira shi yana nan. A ƙasar Bunguɗu ne Sabon Gida take, unguwar ɗalibai da ke kusa da jami'a, inda 'yan bindiga suka shiga ranar 22 ga Satumbar 2023 suka kwashe ɗalibai, yawancinsu mata. Duk sanda irin wannan ta faru, bayan iyalan da abin ya shafa, masu abinci da masu shayin wurin ne ke fara gani a tukunyarsu. Dutsen Kwatarkwashi ma yana nan gefen hanya, wurin da a lokacin zaman lafiya zai iya ciyar da masu masauki da masu rakiyar baƙi.

Abin da ke sauyawa

Duk da haka sana'ar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda Zamfara na cikin jihohi uku da suka fara kai ƙararsa Kotun Ƙoli tare da Kaduna da Kogi, ya tura har mai shayi ga karɓar kuɗi ta waya. Yau kuɗin ɗaki na shiga asusun mai otal kai tsaye ta Moniepoint ko OPay, yana gani daga inda yake. Wannan ya rage zargi, ya kuma kare ma'aikacin kirki daga sharrin da ba shi da hujjar wanke kansa. Kyamarorin tsaro sun shigo, sai dai a wasu wuraren an fi auna su kan ma'aikata fiye da ƙofar shigowa. Sola ta rage faɗan tsakar dare a kan janareta. Ana kama ɗaki ta WhatsApp, kuma baƙon da aka wulaƙanta yana iya rubutawa a Facebook gari ya karanta kafin ya kai Funtuwa.

Sauyin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa daga mata yake. Aikin otal ya daɗe da baƙin jini a idon iyaye, ana ganin ba wurin 'ya mace mai mutunci ba ne, shi ya sa shekaru da yawa 'yan kudu da 'yan tsakiyar ƙasa suka fi yawa a kanta da kicin. Yanzu matan aure da 'yan mata masu ilimi suna girki daga cikin gidajensu, suna tallata shi a waya, suna karɓar kwangilar abincin biki da na taron bita, suna ɗaukar 'yan'uwansu mata aiki. Sun zama masu ba da aiki. Fatan shi ne kada su gaji halin da suka tarar.

A duniya ma an sha wannan darasi. Majalisar kula da tafiye-tafiye da yawon buɗe ido ta duniya ta ƙiyasta cewa sana'ar ta yi asarar guraben aiki miliyan 62 a 2020. Da aka buɗe ƙofofi, otal-otal a Amurka da Ingila suka nemi ma'aikatan da suka sallama suka rasa, don sun kama wasu sana'o'in, dole aka ƙara albashi aka gyara lokutan aiki. A nan ba a rasa masu neman aiki, amma ana rasa ƙwararru. Kukun da ya iya aikinsa ba ya daɗewa, Kano ko Kaduna ko Abuja yake nufa.

Haƙƙin da ke cikin shari'a

Jihar da ta riga kowa ɗaga tutar shari'a tana da wata hujja da ta fi ta Dokar Ƙwadago ƙarfi a zukatan mutane. Duk ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya wuce ta kan hukuncin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ya kuma san cewa a mazhabar Malikiyya ɗaukar mutum aiki ba ya inganta sai an san ladan an san wa'adi ko aikin. Ɗaukar yaro a kan za mu riƙa ganin abin da ya samu bai cika wannan sharaɗi ba. Jinkirta ladan wanda ya gama aikinsa alhali akwai halin biya, zalunci ne da malamai ba su yi saɓani a kansa ba. Hukumar Hisbah na shiga masaukai domin hana baɗala, kuma aikinta ne. Zai yi kyau ranar da ta shiga duba rajistar baƙi ta kuma tambayi mai shara ko an biya shi watan jiya. Masu wa'azi ma da ke yawan jan kunne a kan abin da ke faruwa a ɗakunan otal, su riƙa haɗawa da abin da ke faruwa a kicin da ɗakin wanki.

Gwamnatin jiha tana da makami a hannunta. Harkar ƙwadago ta tarayya ce, amma a Yulin 2013 Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka yi tsakanin gwamnatin tarayya da Jihar Legas, ta yanke cewa rajista da ba otal-otal lasisi hurumin jihohi ne. Ke nan ba abin da zai hana Zamfara ta ce ba za a sabunta lasisin masauki ba sai an nuna takardar aikin kowane ma'aikaci, da shaidar biyan albashi, da gwajin lafiyar masu girki, da abin kashe gobara mai aiki. Horo ma ba sai an je nesa ba. Cibiyar koyar da harkar otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, NIHOTOUR, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, kuma asusun horar da ma'aikata na ITF an kafa shi tun 1971 domin irin wannan. Kwas na mako biyu a Gusau kan tarbar baƙo, da tsabtar abinci, da abin yi idan wuta ta tashi ko aka kawo hari, ba zai gagari masu otal ba idan suka haɗa kai.

A tsakiyar 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin filin jirgin sama na Gusau, ana kuma ta kiran masu zuba jari su zo. Duk wanda ya sauka, kafin ya ga kwamishina zai ga mai ɗaukar jaka da mai kawo masa shayi, daga fuskarsu zai fara karanta jihar. Kira na ga masu masaukai da gidajen abinci na Gusau da Tsafe da Bunguɗu shi ne kada su jira sai hukuma ta tilasta musu. Kowa ya zauna da ma'aikatansa cikin wannan wata, a rubuta a takarda ɗaya da Hausa, ko da ajami ne: ga aikinka, ga albashinka, ga ranar biya, ga ranar hutunka, ga abin da za a yi idan ka kwanta ciwo. Kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu, ma'aikaci ya tafi gida da kwafinsa.